Kada Mai Taimako Ya Kashe Wanda Likita Ya Ceta

A cikin marasa lafiyar da ake sallama daga manyan asibitocin ƙasar nan akwai waɗansu bayin Allah 'yan ƙalilan waɗanda ke komawa gida da wata halitta dabam da wadda suka zo da ita, ko da yake mai hangensu daga nesa ba zai ga wani bambanci ba. Su ne waɗanda ciwon daji ya kama wa akwatin murya, watau gurbin nan da ke bayan zakaran wuya, har ya zama babu makawa sai likitocin fiɗa sun cire shi ɗungum. Tun daga ranar da aka yi wa mutum wannan aiki, hancinsa da bakinsa sun tashi daga aikin numfashi har abada. Iska tana shiga huhunsa ne ta wata 'yar kafa da aka huda masa a gindin wuya, wadda faɗinta bai wuce kan babban yatsa ba. A kan wannan 'yar kafa ransa yake rataye dare da rana, amma kuwa a ofishinsu ko a unguwarsu da wuya a sami wanda ya san da zamanta, balle ya san abin da zai yi in ta toshe.

Wannan rashin sani shi ne abin dubawa. Gwamnati ta kashe kuɗi wajen horar da likitan da ya yi fiɗar, dangi sun sayar da gona ko shanu sun biya kuɗin aiki, mara lafiya ya sha wuya ya tashi. In bayan duk wannan aka wayi gari wani mai kyakkyawar niyya ya sheƙa masa ruwa a wuya don ya suma, ko wani ma'aikacin jinya ya ɗora masa takunkumin iska a hanci alhali ba ta nan yake shaƙa ba, to an yi asarar rai, an yi asarar dukiya, kuma an yi ta ne a kan abin da za a iya koya wa mutum cikin rabin sa'a. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Kafin a fahimci haɗarin sai an fahimci yadda wuyan ɗan Adam yake. Hanyoyi biyu ne ke gangarawa daga bayan baki. Ta gaba ita ce hanyar iska, wadda ke kai wa huhu, ta baya kuwa ita ce hanyar abinci, wadda ke kai wa ciki. Akwatin murya yana zaune ne a kan hanyar iska kamar mai gadin ƙofa. Shi ke kaɗa iska ta zama murya, shi ne kuma ke rufewa a duk lokacin da aka haɗiyi abu don kada ya faɗa huhu. In aka cire shi, sai likita ya jawo bakin hanyar iska ya ɗinke shi da fatar wuya, baki da hanci kuwa a bar su haɗe da hanyar abinci kaɗai. Saboda haka duk iskar da aka hura wa irin wannan mutum ta baki cikinsa za ta tafi, ko ɗigo ba za ta kai huhu ba. Haka nan kuma duk abin da ya faɗa kafar wuyansa, ruwa ne ko ƙura ko ƙwaro, ba shi da wani shamaki sai huhu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga likitoci. Ran 31 ga Disamba 1873 wani mashahurin likitan fiɗa mai suna Theodor Billroth ya fara cire wa mai ciwon daji akwatin murya a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. Mutumin ya yi 'yan watanni a raye, har mataimakin likitan, Carl Gussenbauer, ya ƙera masa wata 'yar na'urar magana, kafin ciwon ya dawo ya yi ajalinsa. Daga wancan lokaci zuwa yau an sami ci gaba ƙwarai, har ya zama wanda aka yi wa aikin a kan kari yana iya yin shekaru masu yawa cikin iyalinsa da sana'arsa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kusan 185,000 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, kusan 100,000 kuma suka rasu sanadinsa. Maza sun fi mata kamuwa da shi nesa ba kusa ba, kuma manyan musabbabansa biyu ne sanannu, watau shan taba da shan giya, in kuwa mutum ya haɗa su biyun haɗarin yana ninkuwa.

Abin baƙin ciki shi ne yawancin waɗanda ke rasa akwatin muryarsu a ƙasar nan da sun tsira da shi in da sun zo da wuri. Wannan ciwo yana daga cikin waɗanda ke yin sallama tun da farko, domin alamarsa ta fari ita ce dushewar murya. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa duk muryar da ta dushe ta wuce mako uku ba ta washe ba, musamman ga mai shan taba wanda ya manyanta, lalle ne a leƙa maƙogwaronsa. In aka kama ciwon yana ƙarami, gashi da na'ura ko 'yar ƙaramar fiɗa kan warkar da mafi yawan masu shi ba tare da an taɓa muryarsu ba. Ko wanda ya ɗan yi nisa ma, wani bincike da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 1991, ya nuna cewa haɗa ƙarin ruwan maganin daji da gashi ya tsirar da akwatin muryar kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa haka. Amma a nan sai a ce sanyi ne, a sha citta da zuma wata da watanni. In bai tafi ba a ce beli ne, a tafi wurin wanzami. In ya ci tura a ce sammu ne. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa sun daɗe suna kukan cewa galibin masu wannan ciwo ba su zuwa sai numfashi ya fara gagara, lokacin da babu abin da ya rage sai wuƙa.

To, wanda aka riga aka yi wa aikin fa, yaya rayuwarsa take? Mutum ba ya sanin amfanin hanci sai ya rasa shi. Hanci ne ke tace ƙura, ya ɗumama iska, ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Mai numfashi ta wuya yana shaƙar iska ɗanya kamar yadda take a waje, don haka ƙirjinsa yakan yawaita kaki, kakin kuma yakan bushe ya daskare a bakin kafar ko a cikinta. A ƙasashen Turai wannan matsala ce ta lokacin ɗari. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kuwa, inda hunturu ke kaɗawa daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris da busasshiyar iska da hazo, sa'an nan bazara ta biyo baya da zafinta, mutum yana iya yin rabin shekara cikin haɗari. Busasshen kaki da ya toshe hanya shi ne abin da ya fi kawo wa irin waɗannan mutane sarƙewar numfashi farat ɗaya. Rigakafinsa kuwa ba shi da tsada: yawan shan ruwa, rufe kafar da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan laima wanda ba ya zubar da zare, shaƙar tururin ruwan ɗumi daga ɗan nesa, shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin kwana, da share bakin kafar safe da yamma a gaban madubi. Akwai wani ɗan matacin iska da ake liƙawa a bakin kafar, wanda ke riƙe ɗumi da laima kamar yadda hanci ke yi, ana canja shi kullum, sai dai daga waje ake shigo da shi, kuma ba kowane ɗan fansho ne zai iya jure sayensa ba. Hayaƙin itace, da turaren wuta, da maganin sauro na fesawa ko na kunnawa, duk abubuwan gudu ne a ɗakinsa. Daɗin daɗawa, tun da iska ba ta bi ta hancinsa, jin ƙanshi da wari yakan ragu ƙwarai, har gas na iya yoyo ko tufa ta kama wuta bai ji ba.

Ruwa kuwa, wanda yake rahama ga kowa, shi ne babban abin tsoronsa. In zai yi wanka sai ya kare wuyansa ya sunkuyar da kai, ya zuba ruwa daga kafaɗa zuwa ƙasa. Iyo a kogi ko kududdufi ya haramta gare shi, shiga kwale-kwale kasada ce, ko ruwan sama mai ƙarfi a kan babur abin kiyayewa ne. Wajen alwala ba zai iya shaƙa ruwa ya fyace ba, amma malaman Malikiyya sun lissafa wannan cikin sunnoni, ba cikin farillai ba, saboda haka kada a bar shi cikin zullumi a kan abin da ba shi da iko a kansa.

A nan ne al'adar taimakon gaggawa ta jama'a take zama abin fargaba. Kowa ya san abin da ake yi in mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ko a tasha, ko a filin Idi. Nan da nan a kewaye shi, wani ya ɗauko buta ya kwarara masa a fuska da ƙirji, wani ya shiga yi masa fifita a hanci, wani ya nemi ɗura masa madara ko manja. Ga mutumin da ke numfashi ta wuya, butar nan guda ta isa ta nutsar da shi a kan busasshiyar ƙasa. Ga shi kuma yawanci kafar a ɓoye take, ƙarƙashin wuyan riga, ko rawani, ko mayafi, domin masu ita suna jin kunyar a gani. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Darasi na farko da ya kamata kowane ɗan makaranta da kowane ma'aikaci ya riƙe shi ne: duk wanda ya faɗi, a sassauta masa wuyan riga a duba wuyansa kafin a yi komai.

In aka tarar da kafa a wuyan, kuma mutumin yana cikin hayyacinsa amma numfashi na yi masa wuya, ana jin fito ko gurnani daga kafar, yana zufa yana nuna wuyansa, leɓɓansa da farcensa sun fara yin toka-toka, to a zaunar da shi tsaye, a cire ƙyalle ko matacin da ke rufe da kafar, a ƙarfafa shi ya yi tari. In akwai ɗan bututun roba na musamman da yake sawa a bakin kafar, wanda shi da iyalinsa suka saba cirewa suna wankewa, a zare shi, domin sau da yawa a cikinsa toshewar take. In ana ganin busasshen kaki a baki-baki, a ciro shi da tsabtatacciyar matsefata a hankali, ba tare da an tura shi ciki ba. 'Yan ɗigon ruwan gishiri na asibiti, irin wanda likita ya ba shi, sukan tausasa kakin ya fito da tari, in kuma akwai na'urar zuƙe majina a yi amfani da ita. Kada a cusa auduga, ko tsinke, ko yatsa. Haka nan in aka hango wani ɗan bawul a bangon baya na cikin kafar, kada a taɓa shi, na magana ne, kuma in ya kuɓuce yana iya faɗawa huhu. Duk ana wannan ana neman mota zuwa asibiti, ko a buga lambar gaggawa ta 112 inda take aiki. Jini mai yawa daga kafar shi ma ba abin jira ba ne.

In kuwa ya riga ya suma kuma ba ya numfashi, to lokaci ya ƙure, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan tokare kafaɗunsa da naɗaɗɗen zane don wuyan ya miƙe, a share bakin kafar. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirjinsa da hannu biyu sau 30, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, a hura masa iska sau 2 ta kafar wuyan, ana duban ko ƙirjin ya ɗaga, a ci gaba da haka har taimako ya iso. In aka ji iskar tana fita ta baki ko hanci, a toshe su da hannu. Wanda zuciyarsa ba ta ɗauki sa baki a wuyan wani ba, to ya ci gaba da danna ƙirjin kawai, da babu gara ba daɗi.

Ba mutanen kasuwa kaɗai ke wannan kuskure ba. A kowace ƙasa an sha samun ma'aikacin asibiti ya ɗora wa irin wannan majinyaci takunkumin iskar oksijin a fuska, ko ya ɓata lokaci yana neman zura masa bututu ta baki, inda hanya ta riga ta rufe. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne akwai wata hudar wuya iri dabam, wadda ake yi wa mutum don sauƙaƙa numfashi ba tare da an cire masa komai ba, shi wannan yana iya samun iska ta baki. A ido kafofin biyu sun yi kama. Don haka ne likitocin Ingila suka fito da ƙa'ida a 2012, cewa a rataye allo a kan gadon kowane mai hudar wuya: kore ga wanda hanyarsa ta sama ke nan, ja ga wanda aka cire wa akwatin murya. Suka kuma ce in ma'aikaci bai tabbata ba, ya sa iskar a fuska da wuya gaba ɗaya. In babu takunkumin wuya, na fuskar jariri yakan zauna daidai a kan kafar. Kwali ja da alƙalami ba su fi ƙarfin kowane babban asibitin jiha ba.

Wani abin da ke sa haɗarin ya yi tsanani shi ne mutumin ba ya iya kuwwa. In numfashi ya sarƙe masa cikin dare ba zai iya ta da matarsa da murya ba, in ya buga waya ba mai jin abin da yake faɗi. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan boko zai rubuta a takarda ko ya aika da saƙon waya. Manomi ko ɗan dako wanda bai iya boko ko ajami ba fa? Wannan an rufe shi ke nan cikin ɗaki ba ƙofa. Alhali kuwa akwai hanyoyi uku na mayar masa da magana. Ta farko ita ce ya koyi haɗiyar iska ya mayar da ita kamar gyatsa, ya sarrafa ta da harshe da leɓɓa, wannan ba ta cin ko kwabo, sai dai tana bukatar malami da haƙuri, kuma ba kowa ke ƙwarewa ba. Ta biyu ita ce wata 'yar na'ura mai batir da ake kangawa a gefen wuya tana ba da amo. Ta uku ita ce ɗan bawul ɗin nan da aka ambata, wanda Mark Singer da Eric Blom suka fito da shi a jihar Indiyana ta Amurka a 1980. Yana tsakanin hanyar iska da ta abinci, in mutum ya toshe kafar da yatsa sai iska ta bi ta cikinsa ta fito baki ta zama murya. Ita ce ta fi kama da muryar asali, amma bawul ɗin yana bukatar canji bayan 'yan watanni. Masu koyar da magana kuwa a asibitocin ƙasar nan ƙalilan ne ƙwarai. Kafin a kai ga waɗannan, 'yar ƙararrawa a gefen gado da kwali mai zanen hotuna na bukatun yau da kullum za su yi amfani mai yawa.

Wani zai ce mutanen nan ba su da yawa, ga zazzaɓin cizon sauro da mace-macen haihuwa suna cin dubbai, ina dalilin damuwa da su? Lalle gaskiya ne ba su da yawa, kuma ba wanda ya ce a ɗauke kuɗin rigakafin yara a sayo musu na'urori. Amma mafi yawan abin da suke bukata ba kuɗi ba ne, sani ne. Kuma sanin nan ba su kaɗai zai amfana ba, domin wanda ya koyi duba wuya, ya daina kwarara wa somamme ruwa, ya iya danna ƙirji, to zai ceci mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da wanda mota ta kaɗe. Ban da haka, duk majinyacin da ya koma gida ya wulaƙanta ko ya mutu a banza, labarinsa ne zai hana na bayansa yarda da fiɗa, su zaɓi mutuwa da muryarsu.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata hukumomi su yi. Na farko, asibitocin da ke wannan aiki, irin su na koyarwa da ke Kano da Shika da Sakkwato, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, kada su sallami majinyaci sai mutum biyu daga gidansu sun gwada share kafa da taimakon gaggawa da hannunsu a gaban nas. Na biyu, a ba kowannensu kati da abin ɗaurawa a hannu, a rubuce da Hausar boko da ajami da Turanci, cewa wannan mutum ta wuya yake numfashi, kada a zuba masa ruwa. Na uku, a shigar da darasin cikin manhajar makarantun koyon aikin jinya da na lafiya, da horon jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, da 'yan Red Cross, da 'yan agajin masallatai da majami'u, da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima. Na huɗu, Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, ta dubi yadda matacin iska da bawul za su shiga cikin abin da take biya. Na biyar, a tuna wa asibitoci cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, mai toshewar numfashi kuwa ba zai iya jiran a yanki kati ba.

Shugabannin ma'aikatu su ma suna da nasu. An cire wa mutum murya ne, ba a cire masa hankali ko ƙwarewa ba. Akawu, da ma'aji, da mai zane, da mai binciken kuɗi duk suna iya ci gaba da aikinsu, malamin aji kuwa ana iya mayar da shi ofis. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta tsaya musu, don haka bai dace a tura wa ma'aikaci takardar ritaya tun yana kan gado ba. Su kansu majinyatan ya kamata su haɗu su kafa ƙungiya, kamar yadda takwarorinsu suka yi a Amurka tun 1952, domin ba mai kwantar wa sabon majinyaci hankali kamar wanda ya riga shi shiga halin, ya zo gabansa yana magana.

Amma gaba da kome, rigakafi ya fi magani. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 taba, ta hana sayar da ita kara-kara, ta hana busa ta a wuraren taruwar jama'a, sai dai duk mai wucewa ta gaban teburin mai tireda ya san inda aka kwana wajen aiki da ita. Ɗalibin da ya fara zuƙar taba a bayan aji don a ce ya waye, ya sani cewa a wuyansa ne ake rubuta bashin, kuma bayan shekaru talatin ko arba'in za a zo karɓa. Wanda kuma muryarsa ta dushe mako uku, ko ta mahaifinsa, ko ta abokin aikinsa, ya bar citta da wanzami ya nufi asibiti, tun icce yana ɗanye.